In Mu Ɗaya Ne, Me Ya Hana Mu Karɓi Jibi Tare?

Maman Tagwaye:
Salama gare ku jama'ar zaure. Ina da tambaya, don Allah kada wani ya ce tsokana na zo yi. Ranar Asabar aka yi jana'izar kawuna a nan Gombe. Surukata ta taso daga Billiri tun da asuba, tsohuwa, da ankon Zumunta a jikinta, ta zauna kusa da ni a benci na biyu. 'Yar ECWA ce tun tana budurwa. Da aka zo wajen Jibi, wato karɓar gurasar Jibin Ubangiji, sai Fada ya ce 'yan Katolika da suka shirya ne kaɗai za su fito, sauran baƙi su zauna su yi addu'a a zuci. Ita kuwa har ta miƙe tana gyara ɗankwali. Ni da hannuna na ja bakin zaninta na ce Mama zauna. Ba ta ce mini uffan ba har dare, muna wanke kwanuka sai ta ce, "Ashe a wurinku mu arna ne." Bakina ya mutu. Kowace Lahadi muna tsayawa mu ce mun gaskata da Ikilisiya ɗaya. To ina ɗayar take?

Ɗan Kaltungo:
Anti sannu da haƙuri, Allah ya ji ƙan kawu. Mu dai mun saba da wannan sanarwar, har mun haddace ta. A wurinmu fasto cewa yake duk wanda ya karɓi Yesu, aka yi masa baftisma, ba ya kuma ƙarƙashin horo a ikilisiyarsa, ya karɓa. Ikilisiya ba gini ba ce, ba rajista ba ce, ba Roma ba ce. Mutanen da Ruhu ya haifa ne, kuma Allah kaɗai ya san adadinsu. Ranar shari'a ba wanda za a ce ya fito da katin coci.

Mai Kwaya:
Kai Ɗan Kaltungo, ko gaisuwar mutuwa ba ka gama ba har ka hau mumbari.

Baba Katikis:
'Yata, Allah ya ji ƙan kawu, ya ba ku dangana. Ki gaida mini Mama, ki ce mata wani tsohon katikis ya ce kalmar nan da ta faɗa ba koyarwarmu ba ce. Duk wanda aka yi wa baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki Kirista ne, ɗan'uwanmu ne cikin Ubangiji. Ga shaida a aikace. In ɗan ECWA ko COCIN ko Anglikan ya zo ya ce yana son zama Katolika, takardar baftismarsa muke fara nema. In ta tabbata an yi ta yadda ya kamata, ba mai sake zuba masa ruwa. Zai koyi katikisim, ya furta bangaskiya a gaban jama'a, a shafe shi da man tabbatarwa, shi ke nan. Da arna muke ɗaukarsu ai daga ruwa za mu fara.

Baba Katikis:
Amma Jibi lamarinsa daban. Ranar Lahadi ki kasa kunne ga doguwar addu'ar da Fada yake yi a kan bagade. Za ki ji ya ambaci Fafaroma Leo, ya ambaci bishop ɗinmu Hilary. Sa'an nan in kin zo gaba ya ɗaga gurasar ya ce "Jikin Almasihu," ke kuma ki ce "Amin." Da wannan Amin kin yarda da abu biyu: cewa abin da ke hannunsa ba alama ba ce kawai, Jikin ne da kansa, kuma kina cikin tarayya da waɗanda aka ambata sunansu. Mama ta yarda da haka? In ba ta yarda ba, to da an bar ta ta fito an sa dattijuwa mai tsoron Allah ta faɗi abin da zuciyarta ba ta amince da shi ba. A ƙauyenmu in 'yan'uwa biyu suka ɓata kan gona, sai dattawa sun zauna an raba gardama an kafa iyaka, sa'an nan a kawo ƙwarya ɗaya su sa hannu tare. Ba a fara da ƙwarya.

Dattijon Billiri:
Abokina Katikis, barka da yamma. Na karanta maganarka a tsanake. Kashi na farko ya yi mini daɗi, ban taɓa jin ɗan Katolika ya faɗe shi fili haka ba. Amma misalin ƙwaryar nan yana da baki biyu. Na sha zama wajen sulhu a ƙasar Tangale inda magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai da tsofaffin mata suka kawo tuwo aka tilasta wa mutanen nan suka ci, zuciya ta yi sanyi, sa'an nan bakin ya buɗe. Kuma tebur ɗin ba na Fada ba ne, ba na fasto ba ne, na Ubangiji ne. A daren da aka bashe shi Bitrus da zai yi musunsa yana zaune a wurin, bai ce masa ya dakata sai ya gyara bangaskiyarsa ba.

Tsohon Ɗan Seminari:
Ku ba ni dama in sa baki, don ainihin saɓanin ba a kan Jibi yake ba. Yana cikin jimlar da Ɗan Kaltungo ya jefa tun farko, cewa Ikilisiya ta ruhu ce zalla, Allah kaɗai ya san 'ya'yanta. Katolika ta yarda da rabin maganar, ta ƙi rabi.

Ta yarda ta ruhu ce. A 1943 Fafaroma Pius na 12 ya rubuta wasiƙa sukutum, Mystici Corporis, a kan cewa Ikilisiya jikin Almasihu ce, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ne ranta. Abin da ta ƙi shi ne a ce akwai Ikilisiya biyu, wata ɓoyayya ta gaskiya da ke cikin zukata, wata kuma ta fili mai bishop da dokoki da kwandon baiko wadda mutane suka ƙirƙira. Babban taron Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya fitar da takarda mai suna Lumen Gentium ranar 21 ga Nuwamba 1964. Sashe na 8 ya ce jama'ar da ake gani da ido da tarayyar ruhu ba abu biyu ba ne, abu ɗaya ne mai ɓangaren mutum da ɓangaren Allah. Ya kwatanta shi da Yesu kansa. Wanda ya ji yunwa ya yi barci a jirgi shi ne dai Ɗan Allah, ba ka iya cewa kana son allahntakarsa amma jikinsa bai dame ka ba.

Ɗan Kaltungo:
"Fada saura ƙiris" ya iso da littattafansa. Yallaɓai ka ba ni aya, ka bar Latin.

Tsohon Ɗan Seminari:
Ga aya, ƙanena. Yohanna 17, inda Yesu ya yi addu'a mabiyansa su zama ɗaya. Ka duba dalilin da ya bayar: domin duniya ta gaskata. Duniya ba ta ganin zuciya. Maƙwabcinka a Tsohuwar Kasuwa allunan coci yake gani a jere daga Bolari zuwa Tumfure, kowanne da sunansa da hoton mai shi. In ɗayantakar ɓoyayya ce, da me za ta gamsar da shi? Ka ƙara da Ayyukan Manzanni 15. Da rigimar kaciya ta tashi a Antakiya, Bulus da Barnaba ba su ce kowa ya bi yadda Ruhu ya nuna masa ba. Sun yi tattaki zuwa Urushalima, manzanni da dattawa suka zauna, aka yanke magana, aka rubuta wasiƙa aka aika wa ikilisiyoyi. Ka ga hukuma ke nan, da taro, da takarda, tun manzanni suna raye. Sa'an nan Afisawa 4, jiki ɗaya da Ruhu ɗaya a numfashi guda, ba a raba su ba.

Katikisim ɗinmu na 1992 ya ce ƙauna ce ke kan gaba wajen ɗaure mu, amma akwai igiyoyi uku da ake gani: furta bangaskiya ɗaya da aka gada daga manzanni, yin sujada da sakramenti tare, da kuma jerin bishop-bishop da aka ɗibiya wa hannu tun daga manzanni. Tun wajen shekara ta 107 Ignatiyus, bishop na Antakiya, yana kan hanya za a kai shi Roma a kashe, ya rubuta wa Kiristocin Simirna cewa kada su ɗauki Jibi a matsayin sahihi sai wanda bishop ya jagoranta ko wanda ya wakilta. Ba jiya aka fara ba.

Dattijon Billiri:
Ɗana, mu ma muna da hukuma. Muna da dattawa, da gunduma, da hedkwata a Jos. Wanda ya taɓa shiga horo a ECWA ya san ba ikilisiyar iska ba ce. Kuma Shaidar Bangaskiyar nan ta Nikiya da kuke karantawa, tamu ce mu ma. Bari in tambaye ka abu ɗaya, ka amsa mini tsakani da Allah. Ashe ba a zamanin Fafaroma John Paul na biyu aka fitar da takarda da ta ce irin namu ba ikilisiya ba ne a cikakkiyar ma'ana? Wani fasto ya karanta mana ita a taro, ban manta ba.

Tsohon Ɗan Seminari:
Baba, haka ne, ba zan rufe ka ba. Dominus Iesus sunanta, ta fito a 2000, Kadinal Ratzinger ne ya sa mata hannu kafin ya zama Fafaroma Benedict. Ta ce waɗanda suka riƙe jerin bishop daga manzanni da cikakken Jibi, kamar Otodoks na Girka da Rasha da Kibɗawan Masar, ikilisiyoyi ne na haƙiƙa ko da ba sa ƙarƙashin Fafaroma. Waɗanda ba su riƙe ba kuwa ta ce ba ikilisiyoyi ba ne a wannan ma'anar. Maganar ta yi wa mutane da yawa zafi a lokacin. Amma ita takardar ta maimaita abin da taron Vatican ya riga ya faɗa: Ikilisiyar da Almasihu ya kafa tana nan da cikarta a cikin Katolika, duk da haka akwai abubuwan tsarkakewa da na gaskiya masu yawa a wajen iyakarta, Maganar Allah, bangaskiya, bege, ƙauna, baye-bayen Ruhu, kuma Ruhun Almasihu yana amfani da waɗannan taruka a matsayin hanyar ceto. Takardar taron a kan haɗin kan Kirista, wadda ta fito rana ɗaya da Lumen Gentium, ta ce a rabuwar da aka yi akwai laifin mutane daga ɓangarorin biyu, kuma waɗanda aka haifa yau a cikin waɗancan ɗariku ba a ɗora musu zunubin rabuwa.

Dattijon Billiri:
To na gode da ba ka yi kwana-kwana ba. Ina jin zafinta har yanzu, amma gara wanda ya faɗa maka a ido. Iyayenmu sun karɓi bishara a hannun 'yan mishan na SIM da suka sauka Kaltungo a 1917. Sun bar tsafi, wasu danginsu sun kore su saboda haka. Ba wanda ya ɗibiya wa malamansu hannu daga Roma, amma na ga yadda suka rayu, na ga yadda suka mutu. Ba zan iya cewa abin da suka gina bai cika ikilisiya ba.

Malama Nas:
Ina karantawa tun ɗazu daga wurin aiki, na ce ba zan yi magana ba amma na kasa. Ni a Katolika aka haife ni, na yi aji, na karɓi Jibi na farko da farar riga. Yanzu rabi ina can rabi ina wata majami'a ta masu addu'ar dare. Kun san dalili? Lokacin da mahaifina yake kwance muka aika a kira Fada ya zo ya shafe shi, aka ce ya fita. Aka sake aikawa, aka ce sai an duba ko Baba ya biya kuɗin shekara. Har ya cika ba wanda ya zo. Ranar bazar kuwa, wato bikin tara kuɗin coci, ka ga Fada da kansa yana zagaya teburin masu kuɗi. Sai ku ce mini wannan ce Ikilisiya mai tsarki, jikin Almasihu? Ni ban ga ruhu a wurin ba, ofis na gani.

Baba Katikis:
'Yata, wannan abin kunya ne, ba kuma zan kāre shi ba. Shafewar marar lafiya ba ta da kuɗi, ba ta taɓa yin kuɗi ba. Dokar Ikilisiya ma ta hana a hana wa matalauci sakramenti saboda talaucinsa. Wanda ya ce a duba kati mutum yana bakin mutuwa zai amsa a gaban Allah. Ki yi haƙuri.

Tsohon Ɗan Seminari:
Yaya Nas, abin da kika faɗa ya taɓa raba Ikilisiya gida biyu, a nan Afirka kuwa. A shekara ta 303 Sarkin Roma Diyokletiyan ya ba da umarni a ƙwace Littattafai Masu Tsarki a ƙone. Wasu shugabannin Ikilisiya a yankin Kartaj, Tunisiya ta yau, suka ji tsoro suka miƙa. Da ƙura ta lafa sai wata ƙungiya, mabiyan Donatus, suka ce duk wanda ya miƙa littafi ya zubar da ikonsa, baftismar da ya yi banza ce, wanda ya naɗa ma bai naɗu ba. Suka kafa tasu ikilisiyar ta tsarkaka zalla, suna sake yi wa mutane baftisma. Fiye da shekara ɗari garuruwa da dama suna da bishop biyu, kowa da majami'arsa.

Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, shi ya tsaya musu. Hujjarsa ita ce ko Bitrus ne ya yi baftisma ko Yahuza, Almasihu ne mai yin ta. Ikon sakramenti ba daga halin Fada yake fitowa ba. Ya riƙa kawo misalin Matiyu 13, alkama da ciyawa a gona ɗaya, mai gona ya hana a tuge kafin kaka don kada a haɗa da alkamar. Nan ne ma'anar "ta ruhu" take a wurinmu. Tsarkin Ikilisiya na Almasihu ne da Ruhunsa, ba jimillar halayen fada-fada ba ne. Shi ya sa sashen nan na 8 da na ambata ya ce tana da tsarki, kuma a lokaci guda kullum tana bukatar tsarkakewa, don ta rungumi masu zunubi a ƙirjinta.

Malama Nas:
Tarihi ya yi kyau. Amma ka lura wannan koyarwar tana yi wa mugun shugaba daɗi? Komai ya yi, a ce ai ba shi ba ne, Almasihu ne.

Tsohon Ɗan Seminari:
An sha fakewa da ita, gaskiya ne. Amma ba don shi aka yi ta ba, don ke aka yi. Ita ta sa ba sai kin binciki rayuwar wanda ya yi miki baftisma ba kafin ki san ke Kirista ce. Shi kuwa ga abin da ke jiransa a sashe na 14 na Lumen Gentium: wanda yake cikin Ikilisiya amma bai dawwama cikin ƙauna ba, yana ciki da jiki ne ba da zuciya ba, kuma ba zai tsira ba. Har aka ƙara da cewa irinsu hukuncinsu zai fi tsanani. Ba a cire mai farar riga ba.

Ɗan Kaltungo:
Tsaya tsaya. Wato mutum zai iya zama cikakken ɗan Katolika a rajista ya hallaka, wani kuma yana waje ya tsira? To ai maganata ke nan tun farko! Allah kaɗai ya san nasa.

Tsohon Ɗan Seminari:
A kan wa zai tsira, e, Allah kaɗai ya sani. Agustin ma ya ce akwai tumaki da yawa a waje, da kyarketai da yawa a ciki. Sashe na 16 har ya yi maganar Musulmi, masu riƙe da bangaskiyar Ibrahim, masu yi wa Allah ɗaya mai jinƙai sujada tare da mu, da kuma waɗanda ba su san bishara ba ba da laifinsu ba. Amma tambayar wa zai tsira daban, tambayar ina Ikilisiyar da Yesu ya kafa take daban. Kai ka haɗe su.

Mai Kwaya:
Ku bar ECWA su huta, mu dubi cikin gidanmu. Mu da muke ambaton Fafaroma ɗaya da bishop ɗaya, ɗaya muke? A inda nake, Mas, wato sujadarmu, na Turanci ne ake ba lokaci mai kyau, da janareto da sababbin kayan kiɗa. Na Hausa a tura shi can rana ta take, mu da ganga da kacau-kacau da makirufo mai tari. In za a zaɓi shugaban kwamiti sai ka ji ana raɗa, wannan karon na 'yan ƙasa ne, a'a na 'yan kasuwa ne su ke ba da kuɗi. Ƙungiyar wannan ƙabila ranar godiyarta daban, ta waccan daban, ana gasar wa zai kawo babbar akuya. Bagade ɗaya muke zuwa, amma a bakin ƙofa kowa ya nemi yarensa.

Baba Katikis:
Mai Kwaya ka taɓo inda yake yi mini ciwo. Kun tuna Ahiara a jihar Imo? A 2012 Fafaroma Benedict ya naɗa Peter Okpaleke bishop na can. Fada-fada da jama'a da yawa suka ce ba sa so, don ba ɗan Mbaise ba ne. Shi Ibo, su Ibo, daga Anambra kawai ya fito. Ko naɗin nasa ba a iya yi a cikin dayosis ɗin ba, wato yankin da aka ba shi ya shugabanta. A 2017 Fafaroma Francis ya ce kowane Fada na Ahiara ya rubuto wasiƙar neman gafara da biyayya cikin kwana 30, in ba haka ba a dakatar da shi. Duk da haka mutumin nan bai zauna a kujerarsa ba, a 2018 ya ajiye. Daga baya aka ba shi sabuwar dayosis ta Ekwulobia, a 2022 kuma aka yi shi kadinal. Waɗannan duk masu karanta "Ikilisiya ɗaya" ne kowace Lahadi.

Mu a nan bishop ɗinmu na farko, John Moore, Bature ne daga Ayalan. Da shi aka fara a 1996, aka zama cikakkiyar dayosis a 2003, Bauchi da Gombe a haɗe. Bayansa Malachy Goltok, bayansa Hilary Dachelem tun 2017. Ba mu tambayi ƙauyen kowa ba. Ba yabon kai nake yi ba, don abin da Mai Kwaya ya faɗa ina ganinsa da idona. Ciwon ɗaya ne, namu bai kai ga kujerar bishop ba ne kawai.

Maman Tagwaye:
Baba, ni abin da ban gane ba, ɗayantakar nan tana nufin sai kowa ya yi komai iri ɗaya?

Tsohon Ɗan Seminari:
A'a Anti. A ƙarƙashin Fafaroma akwai ikilisiyoyin Gabas guda 23 ban da tamu ta Latin, kowacce da tsarin sujadarta. Maroniyawan Lebanon suna cikinsu, suna ma da bishop a Ibadan. Da yawansu suna naɗa masu aure su zama Fada. Za ki iya karɓar Jibi a wurinsu ba tare da tambayar kowa ba. Ganga ko molo, Hausa ko Tangale ko Latin, wannan ba ya raba. Kuma dokar Jibin ma ba ƙofa ce da aka toshe gaba ɗaya ba. Doka ta 844 ta ce in Kirista wanda ba Katolika ba yana bakin mutuwa, ba ya iya samun nasa malamin, shi da kansa ya roƙa, kuma ya nuna ya gaskata abin da muka gaskata game da sakramentin, Fada zai iya ba shi. Otodoks kuwa sun fi mu tsauri, in kika je cocinsu ba za su ba ki ba, alhali mu mun yarda Jibinsu sahihi ne.

Dattijon Billiri:
Abu ɗaya zan ƙara kafin in tafi addu'ar yamma. Duk lokacin da tashin hankali ya zo wa garuruwanmu, ban taɓa jin an tsaya tantance wane ne Katolika wane ne Baptis ba. A Yuganda ma haka aka yi. Sarki Mwanga ya kashe samarin fadarsa tsakanin 1885 da 1887, Katolika 22, Anglikan 23, da yawansu wuta ɗaya ta cinye su a Namugongo.

Baba Katikis:
Haka ne abokina. Da Fafaroma Paul na 6 yake sa namu cikin jerin tsarkaka a 1964, ya ambaci na Anglikan ɗin da girmamawa. An kuma ɗan matsa gaba tun lokacin. A 1965 shi da Athenagoras na Kustantiniya, babban shugaban Otodoks, suka soke tsinuwar da aka yi wa juna a 1054. A 1999 a Augsburg ta Jamus muka sa hannu da Lutheran a kan cewa ta alheri ake samun kuɓuta, maganar da ta tayar da rigimar Luther a 1517. A nan gida muna zaune a CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, tun 1976. Amma CAN zaman maƙwabta ne don kare kai da magana da gwamnati, ba ita ce addu'ar Yohanna 17 ba. Kada mu ruɗi kanmu.

Ɗan Kaltungo:
Baba Katikis, ni fa har yanzu Fafaroman nan ne ya tsaya mini a wuya. Mutum ɗaya a Roma.

Tsohon Ɗan Seminari:
John Paul na biyu ya san da haka. A wasiƙarsa ta 1995, Ut Unum Sint, ya yarda cewa kujerarsa ta zama abin tuntuɓe ga yawancin sauran Kirista, ya kuma roƙi shugabanninsu da malamansu su tattauna da shi a kan yadda za a riƙa gudanar da ita ba tare da an yar da ainihinta ba. Don haka in kana da shawara ka rubuta.

Ɗan Kaltungo:
Shawarata ta farko ya riƙa yin wa'adi kamar shugaban ECWA, a sake zaɓe.

Malama Nas:
Ni tawa a fara da sakataren da ke riƙe da katin kuɗin shekara.

Mai Kwaya:
Tunda kowa yana nan, Baba na Billiri, batun waƙoƙin Kirsimeti na haɗin gwiwa. Mawaƙanku sun aiko cewa ba za su tsaya a waƙar Maryamu da muka sa a jeri ba. Mun cire ta, mun sa waƙar da ita Maryamun ta yi da bakinta a gidan Alisabatu, Luka sura 1 daga aya 46. Kalma ko ɗaya ba mu ƙara ba. Wannan fa?

Dattijon Billiri:
In daga Luka ne ba mai gardama. Amma ka turo mini kalmomin tukuna in gani, na san ku da ƙarin amshi. Kuma ku zo da gangarku, tamu fatar ta yage.